Ƙugiya da biro: tuna baya daga shagon buga takardu a Sokode

A shagon da na koyi aiki a zangon Sokode, ƙugiya ce ta fi ba mu wahala. Allon kwamfutarmu na Faransanci ne, wanda ke farawa da AZERTY, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai mu buga k, idan takarda ta fito daga firinta mu bi da biro muna lanƙwasa mata kai. Maƙwabtanmu Kotokoli kuwa nasu ya fi namu, don harshensu na Tem yana buƙatar ɖ, ɛ, ɩ, ɔ, ʊ da ŋ.

Sauƙi ya fara zuwa ne daga Kano, a cikin disket. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffan Rabi'at, mai ƙugiyoyi, muka karɓa hannu bibbiyu. Sai dai dabarar aro ce: an ɗauki gurbin wata alama an ɗora mata ƙ. Muddin kwamfuta tana da Rabi'at, komai lafiya lau. Na san haka ne ranar da na kai wa wani malami littafin wa'azinsa Dapaong, aka buɗe a injin da ba shi da ita. Duk inda ƙugiya take sai wata alama ta tsaya cirko-cirko. Malam ya gyara tabarau, ya dube ni, ya ce: “Ɗana, wannan kuma wane yare ne?”

A lokacin muna yi wa ma'aikatan ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL dariya, waɗanda cibiyarsu ke Kara, a kan hanyar Sokode zuwa Dapaong. Masu haɗa ƙamus a cikinsu Shoebox suke amfani da shi, daga baya Toolbox. Rubutu ne tsurarsa, kowane layi da karkataccen sanda a gaba: \lx ga kalma, \ps ga ajinta a nahawu. Masu fassara kuma \c ne babi, \v aya. Ko ɗigon ado babu. Mu masu Word muna ganin mun fi su wayewa.

Su ma sun sha fama da haruffan aro, kada a ce na ɓoye. Amma da Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin, sauya fayilolinsu bai wuce musanya wannan alama da waccan ba, tsarin littafin bai motsa ba. Namu kuwa da yawa sai da aka sake bugawa daga farko, sefa ta tafi a banza.

A 2004 Jonathan Kew na SIL ya fitar da XeTeX, wanda ya sa TeX, manhajar tsara rubutu ta Donald Knuth, ya karɓi Unicode kai tsaye. A shekarar dai John Gruber ya fito da Markdown, shi ma rubutu ne tsurarsa da 'yan alamomi: # ga kan magana, tauraro ga kalmar da ake son jaddadawa. Yaron shago yakan iya shi kafin shayi ya huce. Manhajar Pandoc kuma takan mayar da shi Word ko PDF.

Yanzu matasa kan tambaye ni wace manhaja za su zaɓa, Notepad++ ko Obsidian ko wata. Ban cika damuwa da suna ba. LaTeX, wanda aka gina a kan TeX, na mai lissafi ne da mai kundin digiri. Mai wasiƙa da ƙaramin littafi Markdown ya ishe shi. Kafin ka amince da kowace, buga “ƙwarya, ɗaki, ɓera”, ka adana a tsarin UTF-8 na Unicode, ka tura wa wani a Dapaong ya buɗe a wayarsa. In ƙugiyoyin sun isa lafiya, riƙe ta.