Daga Hannun Makafi Zuwa Kujerar Tausa a Japan

A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, sana'ar tausa da Japanawa ke kira anma ta kasance galibi a hannun makafi, waɗanda kan bi unguwanni da dare suna busa sarewa domin sanar da zuwansu. A 1954 Nobuo Fujimoto ya ƙera kujerar tausa a Osaka daga tarkacen kayayyaki, irinta kuma ta bazu a gidajen wankan jama'a, inda mutum kan jefa sulalla ta murza masa baya. Sai dai inji bai gaji amanar da ake ba ɗan Adam mai tausa ba, shi ya sa masu bincike ke gwada tabarau mai nuna duniyar kwaikwayo, wanda ke sa mai sanye da shi ganin hannun ɗan Adam alhali mutum-mutumi ne ke tausa shi.