Mutum Goma da Daren Asabar: Daga Timbuktu Zuwa Harabar Jami'a

A addinin Yahudawa akwai addu'o'in da ba a yin su sai baligai goma sun hallara. Ko naɗaɗɗen littafin Attaura ba a fito da shi a karanta wa jama'a idan tara ne suka zo. Wannan ƙa'ida, da suke kira minyan, ita ta sa duk inda fatauci ko neman ilimi ya jefa Bayahude mai riƙo da addininsa, abin da yake fara cigiya shi ne 'yan'uwansa tara. A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi har Tibiri, babu majami'ar Yahudawa, abin da aka fi sani game da Asabar ɗinsu shi ne ƙissar mutanen bakin teku da ke cikin Suratul A'araf. Amma tarihinsu ya gifta kusa da mu fiye da yadda ake zato.

A ƙarni na 15 akwai Yahudawa masu yawa a Tamantit, cikin dausayin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau. Fatake ne da maƙeran zinariya, suna da majami'arsu, kuma hajarsu tana bin ayari har ƙasashen baƙar fata. Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya yi fatawa cewa a rushe majami'ar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda, aka aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas, su ma kansu ya rabu. A ƙarshe aka rushe ta, aka kashe wasu, sauran suka watse. Wannan Magilin ne ya bi ta Abzin ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki, ya zauna Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Girman da Hausawa ke ba shi bai hana a faɗi cewa tun a zamaninsa akwai malaman da suka ga hukuncin nan ya wuce iyaka ba, kuma a ganina suna da hujja. Bayan haka Askiya ya hana Yahudawa shiga ƙasarsa, kamar yadda matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta.

Sai da aka yi fiye da shekara 350 kafin a sake jin addu'ar Asabar cikin jam'i a bakin Kwara. Wajen 1860 wani malamin Yahudawa kuma falke, Mordekai Abi Serur, mutumin Akka ta kudancin Maroko, ya isa Timbuktu. Ya nemi amana daga sarkin Masina bisa sharaɗin biyan haraji duk shekara, ya samu. Da ƙafarsa ta zauna sai ya riƙa kiran danginsa ɗaya bayan ɗaya, har suka cika goma. Zaman bai yi tsawo ba. 'Yan fashi sun cinye masa ayari, jama'ar ta watse, shi kuwa ya koma arewa, ya yi wa Bafaranshen nan Charles de Foucauld jagora a Maroko tsakanin 1883 da 1884, ya rasu a birnin Aljiyas a 1886. A 1993 masanin tarihi Ismael Diadié Haïdara ya kafa ƙungiyar Zakhor a Timbuktu domin zuriyar Yahudawan yankin, waɗanda tuni suka zama Musulmi.

Me ke cikin ranar Asabar da har mutum zai ƙetare Sahara da danginsa dominta? Asabar tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a. Kafin nan da minti 18, uwar gida takan kunna kyandir biyu, ta rufe idanunta da tafukanta ta yi addu'a. An riga an gama girki, don ba a hura wuta. Mai gida ya ɗaga kofin ruwan inabi ya sa albarka, a wanke hannu, a buɗe burodi biyu masu kitso da aka lulluɓe da ƙyalle, a barbaɗa gishiri, a gutsura a miƙa wa kowa. Ayyuka iri 39 malamansu suka lissafa cikin haram a ranar, har da rubutu, ɗinki, saƙa, shuka da girbi. Ba ta fita sai taurari uku sun bayyana a daren Lahadi, sannan a kunna kyandir mai lagwani da yawa, a shinshina kayan ƙamshi, a yi sallama da ita.

Duk wannan aikin gida ne, ga shi ɗalibin jami'a ba ya gida. Kalandarsu ma ba ta ragar masa ba. Sabuwar shekara, Rosh Hashana, da azumin Yom Kippur na kusan awa 25, da Idin Bukkoki na kwana bakwai, duk suna faɗowa a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da aka koma karatu. Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Annabi Musa da mutanensa daga Masar, yakan zo a Maris ko Afrilu, jarrabawa na ƙaratowa, kuma kwana bakwai ko takwas ba a cin gurasa mai yisti.

A Amurka matsalar ta fito fili, lokacin da 'ya'yan baƙin da suka gudo daga Rasha da gabashin Turai suka fara cika jami'o'i. A 1906 ɗalibai suka kafa ƙungiyar Menorah a Harvard. A 1922 shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya fito ƙarara yana neman a ƙayyade yawan Yahudawan da ake ɗauka. Yara da yawa suka koyi ɓoye asalinsu. A Jami'ar Illinois, wanda abin ya fi damu ba ma Bayahude ba ne. Edward Baldwin Kirista ne, farfesan adabin Ingilishi, ya lura ɗalibansa Yahudawa ba su san littafin kakanninsu ba, ya yi ta zargin manyansu na Chicago kan sun yi sakaci da yaransu. A 1923 wani matashin malami, Benjamin Frankel, ya kama hayar ɗaki a saman shagon wani mai aski a garin Champaign, ya buɗe wa ɗalibai. Aka sa wa wurin sunan Hillel, wani babban malami na dā wanda ya yi karatu cikin talauci. A 1925 ƙungiyar B'nai B'rith ta ɗauki nauyinsa. Frankel bai ga girmansa ba, ya rasu a 1927 yana da shekara 30.

Yau Hillel tana da rassa a ɗaruruwan jami'o'i, ƙungiyar Chabad ma tana da gidajenta kusa da makarantu. Daren Asabar akan shimfiɗa tebur, abinci kyauta, mai addini da wanda bai damu ba su zauna tare, har da abokai waɗanda ba Yahudawa ba. Idan Idin Bukkoki ya zo, ɗalibai su kafa rumfa a fili, rufinta ganye, su ci abinci a ciki. Wasu makarantu suna ba mai kiyaye Asabar makullin ƙarfe maimakon katin lantarki na buɗe ɗaki. Jihar New York tana da dokar da ta wajabta a sake wa ɗalibi ranar jarrabawa idan ta faɗo kan ranar ibadarsa. Ba a samu ko ɗaya daga cikin waɗannan a sama ba, sai da aka yi ta nema shekara da shekaru.

Musulmi sun san irin wannan gwagwarmaya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSS, a Legas aka kafa ta a 1954, cikin makarantun da mishan suka fi rinjaye. Yanzu a jami'o'in Nijar Musulmi ne masu yawa, nauyin ya dawo kansu. Yaron da ya bar Dogon Dutsi ko Tibiri zuwa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Doso da aka kafa a 2014, ya fito ne daga ƙasar da masallatan Juma'a, da cocin Katolika na Dogon Dutsi, da gidajen addinin gargajiya na Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji suke zaune cikin dangi guda. Abokin ɗakinsa zai iya zama Kirista ɗaya tilo a benen, ko ɗan wata ƙasa da idinsa ya riske shi cikin baƙi.

Ina roƙon shugabannin jami'o'inmu, kafin su liƙa jadawalin jarrabawa, su duba ranakun ibadar duk wanda ke cikin ajin, ko da mutum uku ne. Ku kuma ɗalibai 'yan Arewa, ku tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya da shi wace rana ce babba a wurinsa, in ta zo kada ku bar shi ya ci abinci shi kaɗai.