Manyan lasifikokin gida: yadda suka bambanta da abin da ake dubawa kafin saye

Lasifika mai tsada ba ƙara kawai ake saye a cikinta ba. Abin da ake nema shi ne ta fitar da murya da kiɗa kamar yadda aka ɗauke su. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga Hz 20 zuwa kusan Hz 20,000, kuma kowane kamfani da irin dabarar da yake bi wajen cike wannan fili.

Manyan ire-irensu

Mafi yawa su ne na akwati, masu babban baki don kaurin sauti da ƙaramin baki don siririn sauti. Kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila, wanda aka kafa a 1966, yana yin ƙaramin bakin jerin 800 da lu'ulu'u na haɗi, kuma da su ake aiki a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan. Focal na garin Saint-Étienne a Faransa, wanda Jacques Mahul ya kafa a 1979, yana amfani da ƙarfen beriliyum saboda rashin nauyinsa da taurinsa. KEF kuwa, tun 1988 yake sanya ƙaramin bakin a tsakiyar wani babba, dabarar da ya kira Uni-Q, domin sauti ya fito daga wuri guda.

Na biyu su ne masu bakin ƙaho, irin Klipschorn da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a Amurka a 1946. Ita a kusurwar ɗaki ake girke ta, bangaye biyu su taimaka mata fitar da kaurin sauti.

Na uku su ne na faifai marasa akwati, irin Quad ESL ta 1957 da kayan Magnepan. Muryar mutum tana fita tas a cikinsu, amma suna fitar da sauti gaba da baya, don haka sai an nisanta su da bango kamar mita ɗaya. Masu aiki da cajin lantarki irin Quad suna jan ƙura, abin lura a ƙasashen da hunturu ke kawo hazo.

Alkaluma biyu a takardar kaya

Na farko shi ne yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, da ma'aunin desibel. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wutar ampili. Klipschorn tana kai wa kusan 105, ƙananan lasifikoki da yawa kuwa suna wajen 85, ma'ana sai an ba su wuta ninki ɗari kafin su kamo ta. Na biyu shi ne om: mai om 4 ta fi mai om 8 jan wuta, ampili mara ƙarfi zai yi zafi da ita.

Ɗakin ma yana da baki

Ɗakin siminti mai tayil yana mayar da amo, sauti ya cakuɗe. Kafet, labule mai kauri da kujerun kushin suna rage wannan. Tsawon ɗaki kuma yana kumbura wani sautin: a ɗaki mai mita 4, wajen Hz 43 ne ake jin gunji. Shi ya sa doguwar lasifika mai tsayuwa a ƙasa kan yi wa ƙaramin falo yawa, ƙarama bisa ƙafa irin KEF LS50 ta fi dacewa. A tsara yadda nisan da ke tsakanin lasifikokin biyu zai yi daidai da nisansu zuwa kujera, ƙananan bakunan kuma su daidaita da kunne.

Yadda ake gwadawa

A saurare su da waƙar da aka sani sosai, da ampili ɗaya, a matakin ƙara ɗaya, domin kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da ba ta fi kyau ba. Mai sayen na hannu ya duba robar gefen babban baki, zafi kan busar da ita. Ampilin da aka yi wa kasuwar Amurka da volt 120 yake aiki, alhali wutar Nijar, Kamaru da Chadi 220 ce. In babu taransifoma, jona shi kai tsaye ƙona shi ne.