Kobalt a ruwan sha: Yadda yumɓu da farar ƙasa ke kama shi

Kobalt ƙarfe ne da ake sakawa a batiran wayoyin hannu da kwamfutoci, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Jiki na bukatar ɗan kaɗan daga cikinsa ta hanyar bitamin B12, amma idan ya yi yawa yana cutar da zuciya da ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo.

Batun ya shafi masarautar Gumel. Ƙananan hukumominta huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sun dogara ne ga rijiyoyi da burtsatse. Mataccen batir da aka jefa a bola ko kududdufi yana iya fashewa, ruwan sama ya tafi da abin da ke cikinsa ƙasa.

Sau da yawa ƙarfen da ya narke ba ya canza kamannin ruwa. Alif laka yake kwantarwa, tafasawa kuma ƙwayoyin cuta take kashewa, amma ƙarfen yana nan. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta nuna yadda ƙarfe ke kisa ba a gan shi ba.

Masana sun gano cewa wasu ma'adanai masu arha na kama kobalt. Narkakken kobalt yana ɗauke da cajin lantarki, ƙwayoyin yumɓu kuma suna da kishiyarsa, don haka suke jawo shi ya manne musu. Bentonait, yumɓun da masu haƙa burtsatse ke damawa lokacin aiki, yana cikin waɗanda suka fi ƙarfin kamu. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina ma tana kamawa, sai dai ba ta kai shi ba. Dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe, yana rage tsamin ruwa, abin da ke taimaka wa ƙarfen ya manne ko ya kwanta. Yadda ma'adinin ya niƙu da tsawon zamansa cikin ruwan suna cikin abubuwan da ke ƙayyade nasarar aikin.

Sai dai kowane yumɓu yana ƙoshi. Idan ya cika, ba ya ƙara kamawa, kuma shi kansa ya zama guba da ba a zubarwa kusa da rijiya ko gona. Wani yumɓun ma da nasa ƙarfen yake zuwa. Saboda haka, ɗan kasuwar da ke shirin buɗe gidan ruwan leda da jami'in da ke karɓar sabuwar burtsatse daga ɗan kwangila, su nemi gwajin ƙarafa daga ɗakin gwaje-gwaje kafin tacewa da bayanta.