Tarihin Akwati Mai Aljihuna a Ƙasar Ingila

A zamanin da mutanen Ingila ba su da wurin ajiye tufafinsu sai babban akwatin katako mai murfi a bisa. Aibin wannan akwati shi ne, in mutum yana bukatar rigar da ke can ƙasa, tilas sai ya kwashe dukan abin da ke kanta. Saboda haka kafintoci suka yi dabara, suka sa aljihu ɗaya ko biyu a gindin akwatin, irin wanda a ke jawowa waje. Sannu a hankali aljihuna suka yi ta ƙaruwa har suka cinye akwatin duka, aka daina yi masa murfi. Wannan ya auku wajen tsakiyar ƙarni na 17.

Na farkon da itacen ok aka yi su, itace ne mai nauyi da tauri. Da ƙusa a ke haɗa allunan aljihun, a tsaga masa kwari a gefe biyu don ya riƙa gudana a kan 'yan sanduna. Aikin yana da ƙarko, amma ba shi da fasali sosai.

A shekarar 1666 gobara ta cinye gidaje wajen 13,000 a birnin Landan, mutane suka shiga neman sabon kayan ɗaki. A zamanin nan kuwa gwanayen kafintoci suka yi ta zuwa daga Holan da Faransa da wata sabuwar hikima. Watau su kan yanka itacen walnat mai kyaun zane siriri-siriri da zarto, su manna shi da gam a kan katako mai araha. Amma a 1709 wani matsanancin sanyi ya kashe itatuwan walnat da yawa a Faransa, har a 1720 hukumar ƙasar ta hana fita da shi. Da shekara ta kewayo, majalisar Ingila ta ɗauke kuɗin fito daga katakon da a ke kawowa daga ƙasashen da ta mallaka a yankin Amurka. Ta haka mahogani, wanda ya ke dangin maɗaci ne, ya shigo daga tsibirin Jamaika. Ja ne, yana da faɗin allo, yana karɓar sassaƙa, ba ya kuma saurin kantarewa.

Wanda ya fi suna a aikin mahogani shi ne Thomas Chippendale, da aka haifa a Otley a 1718. A 1754 ya buga littafi mai zane 160 na kayan ɗaki, kafintocin ƙauye da na ƙetaren teku suka riƙa kwaikwayo, har sunansa ya zama sunan salon. Ko da ya ke haka ne, ba shi kaɗai ya ke aikin ba. Sa'ad da wuta ta kama ma'aikatarsa a 1755, akwatunan kayan aiki na ma'aikata 22 suka ƙone.

Gwanintar waɗannan mutane a ɓoye ta ke. Wanda ya san kan abin ba ya tsayawa ga ƙyallin fuska ko hannuwan tagulla, sai ya zare aljihu ya dubi kusurwarsa. A nan a ke tsaga bakin alluna biyu haƙori-haƙori, kowane haƙori da siffar wutsiyar kurciya, su shiga juna, yadda komai jan da aka yi wa aljihun haɗin ba ya saki. Wanda aka yanka da hannu haƙoransa ba su zama daidai wa daida, sau da yawa kuma a kan ga layin da kafinta ya shata tukuna ya sa zarto. Na inji, wanda ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, duk kansu ɗaya ne. Da wannan a ke rarrabe tsohon aiki da na kwaikwayo, gama ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma waɗansu hannuwa da ba a gani ko an zare aljihun. Mahoganin Jamaika da na gaɓar Honduras bayi ne 'yan Afirka suka sare shi cikin kurmi, suka ja gungumen zuwa bakin ruwa, ba lada sai wahala. Ingila ba ta hana fataucin bayi ba sai a 1807, ba ta kuma soke bautar a ƙasashenta na can ba sai a 1834. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yaba wa akwatin nan, ya kamata ya tuna da mai zanen, da ma'aikacin da ya tsaga haƙoran, da bawan da ya kayar da itacen.