Yadda Keken Ɗinki Ya Kai 'Yan Matan Bangladesh Makaranta

A ƙarshen 2023, ma'aikatan ɗinki sun cika titunan Dhaka da Gazipur suna neman a mayar da mafi ƙarancin albashi taka 23,000. Gwamnati ta tsaya a 12,500, daga 8,000 da ake biya. Mata ne suka fi yawa a wannan sana'a, a ƙasar da ƙidayar 1974 ta nuna kusan kashi 4 cikin ɗari na matanta kaɗai ake lissafawa cikin masu aiki.

A Bengal ta da, yankin da Bangladesh take ciki, kulle ne adon gidan mutunci, karatu kuwa na 'ya'ya maza ne. Begum Rokeya ta buɗe wa 'yan matan Musulmi makaranta a Kolkata a 1911, tana bin gida-gida tana roƙon iyaye, amma ƙauye bai ji ɗuriyarta ba. Yaƙin ɓallewa daga Pakistan a 1971 da yunwar 1974 suka bar zawarawa da marayu birjik.

Mafita ta zo ta inda ba a zata ba. Wata yarjejeniya ta 1974 ta ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe irin su Koriya ta Kudu za su sayar wa Amurka da Turai, Bangladesh kuwa ba a sa mata iyaka ba. Sai kamfanin Daewoo na Koriya ya ƙulla yarjejeniya da Noorul Quader, mai kamfanin Desh a Bangladesh, aka kai ma'aikata 130 Koriya koyon aiki a 1979. Kafin shekaru goma, mafi yawansu sun buɗe nasu wuraren. Yau tufafi ne sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ƙasar ke fitarwa, kuma mutum wajen miliyan 4 ke cin abinci a sana'ar.

Wasu kan jingina nasarar karatun 'yan mata ga bankin Grameen na Muhammad Yunus, ko makarantun ƙungiyar BRAC, ko tallafin da gwamnati ta soma ba 'yan matan sakandare na karkara a 1994 bisa sharaɗin kada a aurar da su. Duka sun taimaka. Sai dai uba ba ya haƙura da aurar da 'yarsa don 'yan kuɗin tallafi kaɗai, sai ya hango inda karatun zai kai ta. Masana'anta ta fi son wadda ta iya karanta lambar riga da lissafin awo, iyaye kuma suka lura. Binciken Rachel Heath da Mushfiq Mobarak ya gano cewa 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antu sun fi daɗewa a aji, sun kuma fi jinkirta aure. Masu ɗora wa addini laifin jahilcin mata su duba: wajen kashi 90 cikin ɗari na al'ummar ƙasar Musulmi ne, ga shi 'yan mata sun fi maza yawa a sakandare.

An biya farashi mai tsada. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta, ya kashe sama da mutum 1,100, akasarinsu masu ɗinki. Har yanzu matan da ke aiki ba su kai rabin matan ƙasar ba, kuma a ɗakin ɗinkin ma yawanci namiji ne ke duba aikinsu.