Shin Littafi Mai Tsarki Ya Koyar Cewa Kurwar Mutum Ba Ta Mutuwa?

Wannan tambaya a wurin zaman makoki ta fi zuwa mana. A ƙasar Dutsi, masu bin Almasihu ba su da yawa, kuma kowannenmu yana da dangi ko maƙwabta Musulmi da muke zuwa wa juna ta'aziyya. Idan an dawo daga makabarta, matar mamacin takan matso ta ce, "Baba Fasto, yanzu yana ina? Ya san halin da yake ciki?" Kafin ta zo wurinmu ta riga ta ji amsoshi iri-iri. Maƙwabta sun yi mata zancen barzahu da tambayar kabari. Tsofaffi sun yi maganar kurwa da fatalwa. Wataƙila kuma ta ci karo da koyarwar Shaidun Jehobah, wadda ta ce mutum idan ya mutu babu wani sashe nasa da yake ci gaba da rayuwa. Ya kamata mu ba ta amsa daga Maganar Allah.

Amsa a taƙaice

Littafi Mai Tsarki bai koyar cewa kurwa tana da ikon dawwama da kanta ba. Allah kaɗai ne marar mutuwa bisa ga halinsa. Duk da haka mutuwar jiki ba ta shafe mutum, gama Allah yana riƙe da shi har ranar da zai ta da matattu. Begen mai bi shi ne tashin matattu, jiki da rai tare.

Kalmomin da ake magana a kansu

A Hausa muna da kalmomi uku: rai, kurwa, da ruhu. Kurwa tsohuwar kalma ce ta Bahaushe. A al'ada ana cewa takan fita yawo idan mutum yana barci, kuma maye yana iya kama ta. Idan muka karanta Littafi Mai Tsarki da wannan hoto a zuci, za mu sa wa ayoyin ma'anar da ba tasu ba.

A Ibrananci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, kalmar ita ce nefesh, kuma ta bayyana fiye da sau 700. A Farawa 2:7 Allah ya siffata mutum daga ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashi, sai mutumin ya zama nefesh mai rai. Mu lura: ayar ba ta ce an zuba masa nefesh kamar yadda ake zuba hatsi a buhu ba. Shi ɗungum ɗinsa ne ya zama nefesh. A Farawa 1:20-24 an kira kifaye da dabbobi da wannan suna. A Littafin Ƙidaya 6:6 har gawa an kira ta nefesh da ya mutu. A wasu wurare kalmar tana nufin maƙogwaro, ko marmari, ko mutumin kansa.

A Helenanci, harshen Sabon Alkawari, kalmar ita ce psuke. Wani lokaci tana nufin ran da mutum yake numfashi da shi, wani lokaci kuma mutum na ciki wanda takobi ba ya kaiwa gare shi. Kalmar ruhu kuwa tana fassara ruwak a Ibrananci da pneuma a Helenanci, dukansu kuma suna da ma'anar iska ko numfashi. Babu ko aya ɗaya a Littafi Mai Tsarki da ta haɗa ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi da siffar "marar mutuwa" game da mutum.

Wane ne marar mutuwa?

Kalmar Helenanci ta rashin mutuwa, atanasiya, sau uku kacal ta bayyana a Sabon Alkawari. A 1 Timoti 6:16 manzo Bulus ya ce Allah ne kaɗai yake da shi. Sauran biyun suna a 1 Korantiyawa 15:53-54, inda ya kwatanta shi da riga da za a sa wa jikin nan namu a ranar tashin matattu. Wato rashin mutuwa na Allah ne, mu kuwa kyauta za a yi mana.

Allah kamar rijiya ne mai idon ruwa, mutum kuwa kamar tulu. Ruwan da yake cikin tulu ruwa ne na gaske, amma ɗebo shi aka yi. Shi ya sa a Matiyu 10:28 Yesu ya faɗi abu biyu a numfashi ɗaya: mutane suna iya kashe jiki amma ba su iya kashe rai, Allah kuwa yana da iko ya hallaka duka biyun a Jahannama. Rai ya fi ƙarfin hannun mutum, amma bai fi ƙarfin hannun Mahaliccinsa ba.

Mutuwa ba ta shafe mutum

Sadukiyawa ba su yarda da tashin matattu ba, ko mala'ika, ko ruhu (Ayyukan Manzanni 23:8). Da suka zo gwada Yesu, ya tuna musu cewa Allah ya kira kansa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu shekaru da yawa bayan rasuwarsu, ya kuma ce a gare shi dukansu rayayyu ne (Luka 20:37-38). Ga ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, ya yi alkawarin za su kasance tare a Firdausi a ranar (Luka 23:43). Istifanas, ana cikin jifansa, ya roƙi Ubangiji Yesu ya karɓi ruhunsa (Ayyukan Manzanni 7:59). Bulus yana kurkuku ya rubuta cewa barin duniya a kasance tare da Almasihu ya fi masa nesa ba kusa ba (Filibiyawa 1:23). A Wahayin Yahaya 6:9-11 an ga rayukan waɗanda aka kashe saboda Maganar Allah suna kira, aka ce musu su ƙara jira kaɗan.

Marasa bi ma ba sa shuɗewa. A labarin mai arziki da Li'azaru (Luka 16:19-31) dukansu biyu sun san inda suke. Daniyel 12:2 da Yahaya 5:28-29 sun nuna kowa zai tashi, waɗansu zuwa rai, waɗansu zuwa hukunci. Sai dai ci gaba da kasancewa dabam, rai madawwami dabam. Rai madawwami shi ne sanin Allah da Yesu Almasihu wanda ya aiko (Yahaya 17:3), kuma baiwa ce (Romawa 6:23).

Ayoyin da ake kawowa don musu

Mai Hadishi 9:5 ya ce matattu ba su da sanin kome. Wanda ya karanta aya ta 6 zai ga maganar a kan abin da ake yi a duniya ne: matattu ba su da sauran rabo a cikinsa. Littafin nan kuma a 12:7 ya ce ƙura za ta koma ƙasa, ruhu ya koma wurin Allah.

Ezekiyel 18:4 ya ce nefesh da ya yi zunubi zai mutu. Mutanen Isra'ila suna gunaguni cewa ana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye, sai annabin ya amsa cewa mutumin da ya yi laifin shi zai ɗauki hukuncinsa. Ayar tana magana ne a kan alhakin kowa.

Gaskiya ne Yesu da manzanni sun kira mutuwa barci (Yahaya 11:11-14, 1 Tasalonikawa 4:13). 'Yan Adventis suna fahimtar wannan da cewa matattu ba su da sani sam har ranar tashi. Mu muna ganin kalmar tana kwatanta jikin da aka kwantar, tana kuma nuna za a farka. Bulus ɗin da ya yi amfani da ita shi ne ya ce rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji (2 Korantiyawa 5:8).

Game da Luka 23:43, waɗansu suna matsar da waƙafi domin kalmar "yau" ta koma kan lokacin da Yesu yake maganar. Gaskiya ne tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da waƙafi irin namu. Amma Yesu ya yi amfani da wannan salon tabbatar da magana sau da yawa a cikin Bisharu, babu wani wuri kuma da ya ƙara masa "yau". Ɓarawon ya roƙi a tuna da shi wata rana mai zuwa, aka ba shi abin da ya fi haka kusa.

Yadda ikkilisiya ta bi da maganar

Koyarwar cewa kurwa ba ta iya mutuwa bisa ga halittarta, jiki kuma kurkukunta ne, ta fi shahara ta wurin Plato, almajirin Sokratis wanda aka kashe a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu. Da Bulus ya yi wa'azi a wannan birni, an saurare shi har sai da ya ambaci tashin matattu, sa'an nan waɗansu suka yi masa ba'a (Ayyukan Manzanni 17:32). Yustinus Mai Shahada, wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165, ya yi karatun falsafar Plato kafin ya ba da gaskiya, amma ya koyar cewa kurwa tana rayuwa ne domin Allah ya so ta rayu. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya dukansu sun ƙare da tashin matattu da rai mai zuwa. A 1513 Majalisar Lateran ta Biyar ta Ikkilisiyar Katolika ta tabbatar da cewa kurwa ba ta mutuwa. John Calvin ya buga littafi a 1542 yana musun koyarwar barcin kurwa. A 1955 Oscar Cullmann ya yi lacca a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya tuna wa Kirista cewa Sabon Alkawari a kan tashin matattu ya kafa begensa. Saboda haka idan mai wa'azi ya ce kurwa ba ta mutuwa, yana nufin Allah yana riƙe da ita bayan mutuwar jiki, ba mu da gardama da shi.

Shukar binne

Manoman ƙasar Daura sun san shukar binne. Kafin ruwan fari ya sauka, mutum yakan sa irin gero cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, ya koma gida yana jiran sama. Kalmar da muke amfani da ita a makabarta ke nan. Bulus ma da iri ya kwatanta jikin da aka binne (1 Korantiyawa 15:36-44): ana shuka shi da rauni, ya tashi da iko. Yesu bayan tashinsa ya nuna wa almajirai hannuwansa da ƙafafunsa domin su san ba fatalwa suke gani ba, har ya ci gasasshen kifi a gabansu (Luka 24:39-43). Waɗanda suka rasu cikin Almasihu suna hutawa tare da shi yanzu, amma su ma suna jiran wannan rana kamar mu.

Abin da wannan yake nufi a gare mu

Na farko, kada mu ji tsoron mayu. Ezekiyel 18:4 ɗin nan ya fara da cewa dukan rayuka na Allah ne, mabuɗan mutuwa kuma suna hannun Almasihu (Wahayin Yahaya 1:18). Idan yaro ya kwanta ciwo, a yi addu'a, a kai shi asibiti da wuri. Kada mai bi ya sa baki a ɗora wa wata tsohuwa sharrin kama kurwa.

Na biyu, matattu ba sa yawo a gidajenmu, an kuma hana mu neman magana da su (Maimaitawar Shari'a 18:10-12).

Na uku, mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a (Ibraniyawa 9:27). Shi ya sa a ikkilisiyarmu ba ma yin addu'a ko sadaka domin sauya makomar mamaci. Idan maƙwabtanmu suna sadakar uku ko bakwai ko arba'in, mu je mu yi musu ta'aziyya da ladabi. Namu taimakon kuwa mu kai shi ga gwauruwa da marayu.

Na huɗu, mu binne jiki da daraja, mu kuma bar masu makoki su yi kuka. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru.

Ga matar da ta tambaye mu inda mijinta yake, idan ya rasu yana dogara ga Almasihu, amsarmu ita ce: "Mama, yana tare da Ubangiji, ya kuma san yana can. Jikin da muka binne yau, Allah zai ta da shi." Bulus ya ce mu ta'azantar da juna da irin wannan magana (1 Tasalonikawa 4:18). Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.